Inabi da Macizai a Ƙasar Mutanen Osoyus

A kudancin kwarin Okanagan, cikin lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada, akwai wani yanki mai yashi wanda ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 300 ba. Duwatsun da ke yamma da shi ne ke tare iskar da ke ɗauko danshi daga teku, sai ta zubar da ruwanta tun kafin ta ƙetaro. Nan ne mazaunin mutanen Osoyus, wani reshe na al'ummar Silks, waɗanda suke wurin tun kafin zuwan Turawa. A 1877 gwamnati ta keɓe musu yanki daga cikin ƙasar kakanninsu. Abin da ke hannunsu a yau ya kai wajen eka 32,000.

A 1968 suka fara dasa inabi. Shekaru da yawa sayar da 'ya'yan kawai suke yi, riba mai tsoka tana tafiya ga masu sarrafawa. A 2002, ƙarƙashin shugabansu Clarence Louie, suka buɗe masana'antar Nk'Mip Cellars, wadda ita ce masana'antar giyar inabi ta farko mallakar 'yan asalin ƙasa a Arewacin Amurka.

Me ya sa inabi ya karɓi wannan busasshiyar ƙasa? Zafin rana yana tara sukari a cikin 'ya'yan, sanyin dare kuma yana hana tsaminsu gushewa da wuri. Yashi ba ya riƙe ruwa, saboda haka manomi ne ke auna abin da kuringa za ta sha ta hanyar ban-ruwa. Idan aka ɗan ƙuntata mata, sai ta rage fitar da ganye, 'ya'yanta su yi ƙanana masu kaurin ɗanɗano. Bayan an matse su, ƙwayoyin yisti ke cinye sukarin, su mayar da shi barasa da iskar kabon.

Sai dai wannan yashin da inabi ke so, shi ne gidan wasu tsirrai da dabbobin da ba safai ake samunsu a sauran Kanada ba, kuma gonaki da gine-gine sun riga sun cinye mafi yawan irin wannan daji a kwarin. Kowace eka da aka share, an rage musu muhalli ke nan. Mutanen Osoyus sun bar wani babban yanki ba noma, suka kuma buɗe cibiyar al'adu da nazarin hamada a gefensa a 2006.

Can ne ake binciken wani maciji mai dafi, mai kacau-kacau a wutsiya. Masana kan sanya wa wasu macizan 'yar na'urar rediyo don bin sawunsu daga ramukan da suke kwana lokacin sanyi zuwa wuraren farautarsu, an kuma gina shinge don raba su da masu yawon buɗe ido. Sakamakon bai zo da daɗi duka ba. An gano cewa macizan da ke zaune kusa da gine-gine da hanyoyi sun fi na cikin daji rama, ko da yake mai kallo zai ga suna nan birjik. Wato ƙidayar kawuna kaɗai ba ta isa a ce dabba tana lafiya ba, dole sai an ɗora ta a ma'auni.