Tsatsa ba mutuwar inji ba ce: yadda ake tayar da tsofaffin taraktoci

A bayan garejoji da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai taraktoci da injunan niƙa da aka yasar, rana da ruwan sama na cin su. Yawanci ƙarshensu hannun masu sayen ƙarafa a kilo. Alhali wani injin babu abin da ke damun sa face tsatsa, kuma idan ya tashi zai iya ciyar da gida.

A Ingila da Amurka gyaran tsohuwar tarakta sha'awa ce. Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry daga 1946 zuwa 1956 har yau ana nuna ta a baje koli. A nan kuwa maganar abinci ce. Massey Ferguson 135, wadda aka yi daga 1964 zuwa 1975 da injin Perkins mai silinda uku, ba ta da kwamfuta, don haka bakanike mai sifana zai iya kwance ta ya mayar. Shi ya sa ƴan uwa na ƙetare da ke tunanin aiko da tsohuwar tarakta ya kamata su san wace tsatsa ce ke gyaruwa.

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta ta. Ta sama-sama burushin ƙarfe ya isa. Wadda ta huda gangar inji ko ta ci cikin silinda kuwa, wanki ba zai mayar da ƙarfen da ya tafi ba.

Ga ƙananan kaya kamar noti da kusoshi, a jiƙa su cikin binegar ko ruwan lemun tsami kwana ɗaya zuwa biyu, a goge, a ɗauraye. Kada a bar alminiyam cikin ruwan tsami, yana cinye shi.

Manyan sassa kuwa an fi wanke su da lantarki. A cika bokitin roba da ruwa, a zuba sodar wanki kimanin babban cokali ɗaya ga kowace lita 4. A maƙala baƙar wayar cajar batir a jikin abin da ake son tsabtacewa, jar waya kuma a jikin wani guntun ƙarfe marar amfani, su biyun cikin ruwa ba tare da sun taɓa juna ba. Bayan awowi ko kwana, tsatsar za ta saki, guntun ƙarfen shi ne zai lalace. Idan aka juya wayoyin, kayan da ake so a ceto ne zai cinye.

Sai an kiyaye abubuwa uku. Aikin na fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, don haka a yi shi a fili, nesa da sigari da walda. Kada a yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa a matsayin guntun, yana sakin guba cikin ruwan. Kanwa tana da sinadarin sodar, amma sau da yawa akwai gishiri a cikinta, gishiri kuma yana iya haifar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Fesa yashi da injin iska yana da sauri, sai dai ƙurarsa na kawo ciwon huhun da ba ya warkewa, kuma ƙyalle a hanci ba ya tare ta.

Fistan da ya cije, a zuba masa gazuwal ta sama a bar shi kwanaki. Guduma ba ta sakin sa, fasa shi take yi.

Ƙarfen da aka wanke yana sake yin ja cikin ƴan awowi. A busar da shi nan take, a shafa mai ko fentin ƙasa. Wanda ke son inji ya shiga gona a damina, rani ne lokacin kwance shi.