Haƙƙin Ƙirƙira: Daga Ƙwayar Cif zuwa Allurar Insulin

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ne tsakanin mai basira da hukuma. Shi zai tona asirinsa a rubuce, dalla-dalla, yadda duk masanin fannin zai karanta ya iya kwaikwaya. Ita kuma hukuma ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, har zuwa wani wa'adi. Birnin Benis na Italiya ya kafa irin wannan doka tun 1474, da wa'adin shekara 10. A yau yawancin ƙasashe na ba da shekara 20 daga ranar da aka shigar da takarda. Da wa'adi ya cika, ilimin ya zama na kowa.

A fannoni biyu da suka sauya rayuwar duniya, wato ƙera kayan cikin na'urorin lantarki da kimiyyar furotin, sau da yawa ba a kan abin da aka ƙera ake rigima ba. A kan hanyar ƙera shi ake yi.

A Disambar 1947, John Bardeen da Walter Brattain, waɗanda ke aiki a rukunin William Shockley a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, suka haɗa tiransista ta farko. 'Yar ƙaramar aba ce da ke buɗe wa wutar lantarki hanya ko ta rufe, ko ta ƙara wa sigina ƙarfi. Da jamaniyum aka yi ta, ɗaya daga cikin sinadaran da suke tsaka-tsaki: ba sa barin wuta ta wuce a sake kamar tagulla, ba sa kuma tare ta gaba ɗaya kamar gilashi. Kamfanin bai ƙanƙame abinsa ba. Daga 1952, duk kamfanin da ya ajiye dala 25,000 sai a ba shi lasisi, a kuma koya wa injiniyoyinsa aikin. Cikin waɗanda suka saya har da wani ƙaramin kamfani na Tokiyo, wanda ya fito da rediyo mai tiransista a 1955, daga baya ya ɗauki sunan Sony.

Sai dai an ci karo da wata matsala. Babbar na'ura na buƙatar dubban tiransistoci da sauran tarkace, kuma kowanne sai an haɗa shi da ɗan uwansa da hannu, waya bayan waya. Wuri ɗaya ya saki, aiki ya tsaya. Jack Kilby, sabon ma'aikaci a Texas Instruments, ya ce me zai hana a yi dukan kayan a jikin ƙwaya guda? Ranar 12 ga Satumba, 1958, ya nuna wa shugabanninsa wani ɗan siririn yankin jamaniyum manne a kan gilashi, da zaruruwan zinariya suna tasowa daga jikinsa. Aka sa wuta, ya yi aiki. A Fabrairun 1959 kamfanin ya shigar da takarda.

Can a Kalifoniya kuwa, a kamfanin Fairchild, wani ɗan asalin Suwizalan mai suna Jean Hoerni ya riga ya gano abin da ya fi wannan amfani a masana'anta. Idan aka gasa silikon, wanda shi ma tsaka-tsaki ne kamar jamaniyum, a tanda mai tsananin zafi, wata siririyar fata mai kama da gilashi takan fito a samansa. A da kankare ta ake yi idan an gama aiki. Hoerni ya ce a bar ta. Sai a shafa mata sinadari mai jin haske, a haska zane a kai, a zuba asid ya huda 'yan tagogi a inda ake so kawai, sannan a tura boron ko fosfaras ta tagogin su shiga cikin silikon. Inda fatar ta rufe, babu abin da ke shiga, kamar yadda marini ke ɗaure zane kafin ya tsoma shi a baba, inda aka ɗaure ya fito fari. Fatar kuma ta ci gaba da kare ƙwayar daga ƙura da danshi.

Robert Noyce, abokin aikinsa, ya ɗora a kai. Tunda fatar ba ta ɗaukar wuta, ana iya shimfiɗa siraran layukan alminiyum a samanta, su leƙa ta tagogin su haɗa tiransistoci, ba tare da hannun kowa ya taɓa waya ba. Ya shigar da tasa takardar a Yulin 1959, wata biyar bayan ta Kilby, amma ita aka fara amincewa da ita a Afrilun 1961. Ta Kilby sai a 1964.

Shekara kusan 10 lauyoyi suka yi suna kai da komo. Kilby ne ya riga, wannan babu musu. Amma zanen da ke takardarsa zaruruwa ne masu lilo a sama, na Noyce kuwa layuka ne manne da fatar silikon. A 1969 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Noyce gaskiya kan hanyar haɗawa, kuma hukuncin ya dace da abin da ya faru a zahiri, domin ƙwayoyin cif da ke cikin wayoyin hannu a yau zuriyar hanyar Hoerni da Noyce ce. Kafin hukuncin ma, tun 1966, kamfanonin biyu sun sasanta: kowa ya yi amfani da haƙƙin ɗan uwansa, sauran kamfanoni su biya su. Wannan musayar lasisi ta zama al'adar masana'antar, saboda babu mai iya ƙera cif ba tare da ya taka gonar wani ba. Noyce ya rasu a 1990. Kilby ya karɓi kyautar Nobel a 2000, bai kuma yi shiru kan gudummawar marigayin ba.

A ɓangaren furotin, labarin ya fi taɓa zuciya, domin rai ake magana. Kafin 1922, yaron da ya kamu da ciwon suga mai tsanani sai dai a rage masa abinci, ya rame har ta Allah ta kasance. A Jami'ar Toronto ta Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso wani ruwa daga fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, wanda ya sauke sukarin jinin karnuka. Ranar 11 ga Janairu, 1922, aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar farko. Ba ta yi wani tasiri ba, wurin ma ya yi ƙurji, saboda ruwan cike yake da datti. James Collip ne ya warware matsalar: ya riƙa ƙara ƙarfin sinadarin alkohol mataki-mataki, sauran furotin su fara kwantawa a tace su, daga ƙarshe insulin ɗin ya kwanta shi kaɗai. Ranar 23 ga wata aka sake yi wa yaron allura. Sukarinsa ya sauka, ƙarfi ya dawo masa, ya ƙara shekara 13 a duniya.

Su ukun, Banting da Best da Collip, suka miƙa wa jami'ar haƙƙinsu a 1923, kowa ya karɓi dala ɗaya. Ba don sun raina takardar ba. Sun gane cewa idan ba su riƙe ta ba, wani kamfani zai ɗan gyara hanyar ya yi rajista ya kulle ƙofa. Da takardar a hannu, jami'ar ta iya duba ingancin abin da ake sayarwa, ta kuma sa masu lasisi su haɗa duk gyaran da suka gano wuri guda don amfanin sauran. Wannan na cikin mafi kyawun amfani da aka taɓa yi da haƙƙin ƙirƙira.

Shekara 60 ana tatsar insulin daga fankiriyas ɗin shanu da aladu da ake tarowa a mahauta. Frederick Sanger na Kambirij ya nuna a shekarun 1950 cewa sarƙa biyu ce mai ɗauke da amino asid 51. Na alade ya bambanta da na mutum a wuri ɗaya tak, na saniya a wuri uku. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka gano yadda za a yanko ƙwayar gado a dasa ta cikin bakteriya, ita kuma ta riƙa haɗa furotin ɗin da aka umarce ta. Jami'ar Stanford ta sami takardar a 1980, ta buɗe lasisi ga kowa a kan farashi mai sauƙi. Kamfanoni fiye da 400 suka karɓa kafin wa'adin ya ƙare a 1997. Ta wannan hanya kamfanin Genentech ya haɗa insulin ɗin mutum a 1978, Eli Lilly kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Humulin bayan amincewar hukuma a 1982.

Daga nan al'amarin ya ɗauki wani salo. A 1996 Eli Lilly ya fito da wani insulin mai suna Humalog, wanda aka musanya wa amino asid biyu gurbi a ƙarshen sarƙa ta biyu don ya fara aiki da wuri. Gyara ne na gaskiya, mai amfani ga majinyaci, amma kowane irin gyara na zuwa da sabuwar takarda, haka sinadaran da ake gaurayawa, haka alƙalamin allurar. Kwalbar da ta fara a kan dala 21 a Amurka ta haura dala 270 kafin kamfanin ya sanar da ragin kashi 70 cikin 100 a 2023. Ko bayan wa'adi ya cika, kwaikwayon furotin ba kamar buga ƙwayar farasitamol ba ne: ana buƙatar ƙwayoyi masu rai, manyan tankuna, tacewa mai tsauri da gwaji a kan mutane, kuma da yawa daga cikin wannan gwaninta ba ta cikin kowace takarda. Shi ya sa har yau kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya. A Nuwamban 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin tantance insulin na wasu masana'antu, domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami inda za su saya da sauƙi.