Layin Waya Marar Kati da Guzurin Mahajjaci

A wannan mako za mu amsa wata tambaya da ta yawaita a wurin karatunmu na bayan Magariba, musamman daga maniyyatan Jega da Aliero da Maiyama. Tambayar kuwa ita ce, shin wannan sabon layin waya da samari ke kira i-sim, wanda ake saya tun daga gida don a yi aiki da shi a Saudiyya, mene ne shi, kuma cinikinsa ya halatta?

Wani zai ce ina ruwan malami da zancen waya. To, Buhari ya ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka kuma sai su shiga roƙo, har aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin a yi guzuri. Guzuri kuwa yana bin zamani. Kakanninmu da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, suka ƙetare Bahar Maliya, sukan shekara ba a ji ɗuriyarsu ba. Yau kuwa mai son shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nemi izini da lokaci ta manhajar Nusuk, wadda ba ta buɗuwa sai da intanet. A Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, akasarinsu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya a rana. Duk wanda ya taɓa neman tsoho da ya ɓace a tsakanin tantunan Mina ya san amfanin wayar da ke aiki a irin wannan rana.

Shi wannan layi ba shi da katin da ake zurawa. Maƙera waya sun riga sun dasa gurbinsa a cikinta, watau abin da mutum ke saya izini ne kawai. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suna sayar da shi ta intanet, su aiko da wani hoton lamba mai kusurwa huɗu, a haska shi da kyamarar waya, layi ya zauna. In jirgi ya sauka Madina ko Jidda sai ya kama sabis na ɗaya daga kamfanonin ƙasar, watau STC ko Mobily ko Zain, ba tare da an bi layin rajista da fasfo da dangwala yatsa ba. Katin MTN ko Airtel na gida kuma yana nan a gurbinsa, ga WhatsApp yana ci gaba da tsohuwar lamba, iyali ba su ruɗe ba.

Amma fa ba kowace waya ke karɓarsa ba. Wayoyin iPhone daga na 2018 zuwa sama, da wasu manyan Samsung da Pixel, suna karɓa. Mafi yawan Tecno da Itel da Infinix da ke hannun manoman albasa na Aliero da 'yan kasuwar Jega kuwa ba su karɓa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a danna *#06#, in lambar da aka rubuta wa EID ta fito, to akwai gurbin. Haka nan wayar gwanjo da ta zo daga Amurka tana iya kasancewa a kulle ga kamfani guda, ta ƙi kowane baƙon layi. A bincika kafin a biya, domin da dala ake ciniki.

Game da hukunci kuwa, abin da muka fahimta shi ne wannan ciniki na amfani ne, danginsa ɗaya da haya, asalinsa kuwa halal ne. Sharaɗin da malamanmu na Malikiyya suka gindaya wa irinsa shi ne a san gwargwadon amfanin, a san wa'adi, a san farashi, saboda Annabi ya hana cinikin garari. In an ce giga goma, kwana talatin, kuɗi kaza, ciniki ya inganta. Inda muke da ja shi ne wanda ake tallarsa da sunan marar iyaka, alhali kuwa a cikin ƙananan rubutu an ce in ka sha wani adadi a yini za a rage masa gudu. In an bayyana wannan mai saye ya karanta ya yarda, babu laifi. Amma yaron shago da ya san haka ya ɓoye wa dattijon da ba ya karatun boko, ya karɓi kuɗinsa har da la'ada, lalle ya yi algus.

Zancen wa'adin nan shi ya fi damun mu. Jirgin farko na alhazan Nijeriya a 2024 ya tashi ne daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ran 15 ga Mayu, tsayuwar Arfa kuwa ta kama ran 15 ga Yuni. Jama'a, ku lissafa. Wanda ya tafi a wannan jirgi da layin kwana talatin, layinsa zai mutu ne daidai lokacin da ake fita Mina, watau a ranakun da ya fi bukatarsa, bayan ya ƙarar da shi a hira da kallon bidiyo a masauki. Wani ɗalibinmu daga wajen Maiyama irin haka ta same shi, ya rabu da mahaifiyarsa a hanyar jifa, ya ciro waya ya tarar ba komai a ciki, bai sake ganin ta ba sai bayan Isha'i a tantin wata jiha. Saboda haka a tambaya tun farko, daga yaushe ake fara ƙirga kwanakin, daga ranar sakawa ko daga ranar sauka, kuma ana iya ƙarawa daga can?

Sai a kuma sani, galibin waɗannan layuka na data ne zalla, ba su da lamba, ba a kiran su. Don haka tsohuwar da ba ta san komai a waya ba sai danna kore ta amsa kira, a ganinmu gara a saya mata katin Saudiyya mai lamba, a rubuta lambar a takarda a ba shugaban tawaga da abokan ɗakinta.

Wanda ya zaɓi marar katin kuwa, ya saka shi tun yana gida inda akwai intanet mai ƙarfi, kada ya goge shi da sunan gyara, domin sau da yawa hoton lambar ba ya aiki sau biyu. Kafin jirgi ya tashi ya kashe datar layinsa na gida, in ba haka ba kuɗin da ke ciki zai ƙare tun bai bar filin jirgin Madina ba. Layin da kansa ya bar shi a kunne saboda saƙon banki.