Kunya ce ko ciwo? Yadda ake gane tsoron shiga jama'a

A ƙasar Hausa kunya ado ce. Amarya kan sunkuyar da kai a gaban surukanta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yaro ba ya haɗa ido da dattijo. Duk wannan tarbiyya ce. Sai dai akwai wata larura da kan ɓuya a bayan kunya har ta yi shekaru ba a gane ta ba, wato ciwon tsoron shiga jama'a.

Yadda yake bayyana

Mai wannan larura yana jin kamar idon kowa na kansa, ana jiran ya yi kuskure a yi masa dariya. Da zarar zai yi magana cikin mutane sai gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa, murya da hannu su kama rawa. Yawanci yakan fara ne a shekarun balaga, wajen shekara 13.

Kowace al'umma da yadda take bayyana shi

A shekarar 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya shi cikin littafinsu na tantance cututtuka, suka siffanta shi da tsoron kada mutum ya kunyata kansa. A Japan kuwa an daɗe da sanin wani nau'insa da ake kira taijin kyofusho. Can mai ciwon ya fi fargabar kada kallonsa ko warin jikinsa ya takura wa wasu. Bugun littafin na 2013 ya haɗa da tsoron ɓata wa wasu rai, ya kuma nemi a auna tsoron da al'adar da mutum ya tashi a ciki. Saboda haka sunkuyar da kai kaɗai ba ya nuna ciwo ga Bahaushe.

Tambayoyi uku

1. Shin tsoron ya wuce abin da mutanen garinsu da sa'o'insa ke ɗauka kunya ce ta al'ada? Mai kunya yana jin nauyin manya, amma yana sakewa da tsararrakinsa.
2. Ya kai wata 6 ko fiye?
3. Yana jawo asara? Misali ɗan kasuwar da ke barin mai saye ya wuce don ya kasa ciniki, ko ya yafe bashi don ba zai iya tambaya ba; mai cikin da ta daina zuwa awo; ɗalibin da ya guje wa makaranta don kada malami ya tashe shi.

Idan amsar duka ukun e ce, a je asibiti.

Akwai magani

Ma'aikacin lafiya zai fara duba ko bugun zuciyar daga ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo. Babban magani shi ne zama da ƙwararre, a koya wa mutum tunkarar abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan: yau gaisuwa da maƙwabci, gobe tambayar farashi, har ya kai ga magana a taro. Wasu kan buƙaci ƙwayoyi daga likita, waɗanda sai bayan makonni ake ganin amfaninsu.

A guji shan tiramadol ko kodin don samun ƙarfin hali. Ba sa kawar da tsoron, jaraba suke ƙarawa a kansa. Yawan goro, kofi da shayi mai kauri ma na ƙara bugun zuciya.

Ga iyaye da iyayen gida a kasuwa

Kada ku kira yaro sakarai ko matsoraci, kada kuma ku riƙa amsa magana a madadinsa kullum. Ku ja shi gefe ku tambaye shi abin da yake ji, ku yaba masa idan ya yi ƙoƙari, ku raka shi cibiyar lafiya mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka kuke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.