Kifin Gulbin Rima da Bikin Su na Argungu

Wata rana ina rangadin makarantu a Birnin Kebbi, sai na gamu da wani saurayi, ɗalibin jami'a, ya zo gida hutu. Abin da ya ke koyo shi ne ilmin halittun ruwa, watau sanin kifi da sauran abubuwa masu rai da Allah ya zuba cikin kogi da teku. Amma 'yan'uwansa suna yi masa ba'a, wai ya fi son kallon wasa da karatu, gama duk lokacin da aka ce za a yi bikin su a Argungu, shi ne na farkon shiga mota. Da muka zauna muka yi taɗi, sai na gane ashe kallon nasa ma karatu ne. To, ku kasa kunne ku ji dalili.

Gulbin Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, kana ya faɗa Kwara. Ita kuwa Kwara ta kai ruwanta har Tekun Atlantika. Ruwan teku yana da gishiri ƙwarai, namu kuwa ba shi da shi. Saboda haka yawancin kifin gulbi, in an kai shi teku, sai ya mutu. Na teku ma haka, in an kawo shi gulbi.

Kifi yana numfashi kamar yadda mu ke yi, amma ba da hanci ba. Ku ɗaga marfin da ke gefen kansa, za ku ga waɗansu jajayen abubuwa kamar haƙoran mataji. Kifi ya kan zuƙi ruwa ta baki, ya fitar ta wurin nan, su kuwa su tace iskar da ke narke cikin ruwan, su ba jini. Shi ya sa in ruwa ya ɓaci, kifi ya kan taso sama yana haki.

Kowane irin kifi da tasa baiwa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska a fili, har ta ja ciki cikin danshi daga wannan kududdufi zuwa wancan. Gaiwa tana da huhu. In rani ya yi, ruwa ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har damina ta dawo. Minjirya tana da wutar lantarki a jikinta, da ita ta ke kāre kanta, ta kuma sumar da abin da za ta ci. Akwai irin ƙarfasa da uwar ke ɗauke ƙwanta cikin baki, ba ta ci ba ta sha, sai 'ya'yan sun ƙyanƙyashe. Babbansu duka shi ne giwan ruwa, mai cin ƙananan kifaye. Ya kan yi shekaru yana girma, har wani ya fi ƙaton mutum nauyi.

Da damina gulbi ya kan cika ya malala cikin fadama. A nan ne kifaye su ke zuba ƙwai cikin ciyawa, ƙananan su sami abinci da maɓoya. In ruwa ya janye, sai su komo gulbi da ƙwarinsu. Kabawa sun san wannan tun kaka da kakanni. Don haka ne a ke hana su a Matan Fada, inda a ke yin bikin, Sarkin Ruwa yana lura da wurin, har ranar da za a buɗe.

Asalin bikin kuwa shi ne, a shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Da can an daɗe ana gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Sai aka shirya babban su don a girmama baƙo, ya zama alamar zumunci. Daga nan abin ya ɗore, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Ranar su, dubban masunta su kan jeru nesa kaɗan da gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa. Da an buga bindiga, sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, makaɗa na biye da su cikin jirage suna yi musu kirari. Gora ita ce ke riƙe masunci bisa ruwa, cikinta kuma ya ke zuba abin da ya kama. Bayan kamar sa'a guda sai a tsaya, a kai manyan kifaye ma'auni. A 2020, bayan an yi shekara goma ba a yi bikin ba, kifin da ya ci gasa nauyinsa kilo 78 ne. Ban da su, akwai kabanci, watau tseren jirage da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa, ga kuma kokawa da dambe.

To, sa'ad da jama'a ke sowa, shi ɗalibin nan yana gindin ma'auni da littafinsa, yana rubuta iri da nauyin abin da aka kamo. Gama ma'aunin nan shi ke nuna lafiyar gulbi. In manyan kifaye suka yi ƙaranci, lalle akwai dalili. Ko dai ana su da koma mai ƙananan idanu wadda ba ta barin 'ya'yan kifi, ko ana zuba guba a ruwa, ko rairayi ya cike gurbi, ko kuwa madatsan ruwa irin na Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da ke shiga fadama. Masu wannan ilmi su ne ke ba masunta da hukuma shawara. Akwai ma cibiyar binciken kifi a Sabuwar Bussa, kusa da tafkin Kainji.

Yara, in kun je kallon su, ku yi murna, ku ji kiɗa. Amma ku tuna, giwan ruwan da a ke ɗagawa sama ana tafi, dā ɗan mitsitsi ne wanda wani ya bari ya girma. In kun kama ƙaramin kifi, ku mai da shi ruwa.

Tambayoyi

1. Yaya kifi ya ke numfashi?
2. Me gaiwa ta ke yi da rani?
3. Don me a ke hana su a Matan Fada kafin ranar biki?
4. Ku faɗi abu uku da ke rage kifi a gulbi.