Sanyi da Furanni: Yadda Masu Lambu a Turai Suke Tarbar Hunturu

A ƙasashen arewacin Turai, kamar Ingila da Holan, furannin da suke ƙawata lambu a watan Afrilu da Mayu tun daga kaka ake shirya su, wato daga Satumba zuwa Nuwamba. Dalili kuwa shi ne, hunturunsu yana zuwa da sanyin da ruwa kan daskare ya zama ƙanƙara. Wannan sanyi magani ne ga wasu tsirrai, ajali ne kuma ga wasu. Saboda haka aikin farko na mai lambu shi ne ya san asalin kowace shuka.

Alal misali, furen tulif ya samo asali ne daga duwatsun tsakiyar Asiya, ya biyo ta Turkiyya ya isa Holan a ƙarni na 16. Gindinsa kamar albasa yake. Akan binne shi a Nuwamba, a rami mai zurfin da ya ninka tsawonsa sau uku. Sai ya sha sanyi na mako 12 zuwa 16 a ƙarƙashin ƙasa sa'an nan yake yin fure sosai.

Shi kuwa jeraniyam, wanda masana suke kira Pelargonium, ɗan Afirka ne. Yawancin ire-irensa a kudancin nahiyar suke, kuma daga can jiragen ruwa suka kai shi Turai wajen farkon ƙarni na 17. A 1789 ne aka bambanta shi da jeraniyam na ainihi, wanda yake jure sanyi. Karansa cike yake da ruwa; da zarar ruwan nan ya daskare, sai naman karan ya farfashe, shukar ta ruɓe. Dare ɗaya ya isa ya hallaka wahalar shekara guda.

Hanyoyi uku ake bi wajen tsirar da shi. Ta farko, a yanki reshe mai tsawon santimita 10 a Agusta ko Satumba, a dasa a ƙaramin kasko, kamar yadda ake dasa karan rogo. Ta biyu, a tumɓuke shukar kafin ƙanƙarar farko, a datse kusan rabinta, a sa ta a tukunya a wuri mai haske, inda zafi yake tsakanin digiri 5 da 10. Ta uku, a kakkaɓe ƙasar saiwarta, a naɗe ta a takarda, a ajiye a busasshen wuri mai sanyi-sanyi. A duk hanyoyin nan, yawan ban ruwa shi ne babban haɗari, domin shukar da take hutawa ba ta shan ruwa sai kaɗan, ragowar kuwa ruɓar da saiwa yake yi.

Idan Mayu ya kusa ƙarewa, tsoron ƙanƙara ya wuce, sai a fara fitar da tukwanen da rana ana mayarwa da dare har kwana 10 ko fiye, kafin a dasa su a fili. A lokacin tulif ya gama nasa furen, sai jeraniyam ya karɓi lambun har wata kakar.