Liyarin Kaka da Shekarar 1780

Idan aka zo rabon gado a Nguru ko Gashuwa, wani lokaci akan tsinci wani faffaɗan kuɗin azurfa a ƙasan adudun tsohuwa, da hoton wata mace a jikinsa. Shi ne liyari, wanda Barebari ke kira gursu. Da zarar magada sun ga 1780 a bayansa, sai su ɗauka kakarsu ta yanke saƙa.

A bi a hankali. Matar nan Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Fatake sun riga sun amince da kuɗinta, ba sa son a sauya masa kama, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Landan da Paris da Bombai. Ta Sahara ya shigo Borno. Wanda ke hannunka yana iya zama ɗan 1860, yana iya zama ɗan 1940.

To ina darajarsa? Maƙerin fari sikeli zai ɗauko. Liyari na ainihi giram 28 ne, azurfar cikinsa kuwa giram 23 da ɗoriya. Idan maganaɗisu ya kama shi, jabu ne.

Masu tara tsofaffin kuɗi kuma ido suke sawa. Cikin waɗanda suke tsadantawa akwai bugun musamman: a goge hatimin ƙarfe tas, a buga fiye da sau ɗaya, fuskar ta fito kamar madubi, a adana ba tare da an taɓa cefane da shi ba. Irin wannan da wuya ya kwana a adudu. Namu sun sha hannu, an huda wasu an rataya a wuyan amare.

Sulallan Turawa ma akwai sharaɗi. Na 1913 zuwa 1919, masu hoton bishiyar kwakwar manja, azurfa ce kusan zalla. Daga 1920 aka koma gaurayen tagulla. Ke nan galibin sulallan da aka biya manoman gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 ba azurfa ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dirza da toka da lemun tsami, wai don ya yi ƙyalli kafin a kai kasuwa. Duhun nan da shekaru suka shafa masa, mai tarawa kuɗi yake biya a kansa. An dirje shi, sai farashin sikeli.